Ra'ayinmu: A Ba Ɗaliban Manyan Digiri Tallafin Kai Bincike Gonar Manomi

Kowace shekara jami'o'in da ke ƙasar Hausa, daga Yamai da Maraɗi da Damagaram har zuwa Zariya da Kano da Sakkwato, suna yaye ɗalibai masu digiri na biyu da na uku a fannonin noma da kiwo da gandun daji da sarrafa abinci. Kowane ɗayansu sai ya rubuta kundi mai kauri, malamai su yi masa tambayoyi, dangi su tafa, a ɗauki hotuna, sannan a ɗora kundin a kan kanta ya ci gaba da shan ƙura. A daidai wannan lokaci kuma manomin Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji yana nan yana fama da tsutsar da ke cinye masa zangarniyar gero, da ƙwaron da ke mayar masa da wake gari, da ƙasar da ta gaji, alhali kuwa maganin wasu daga cikin matsalolin nan yana rubuce a cikin waɗancan kundaye. Wannan giɓi da ke tsakanin ɗakin bincike da gona shi ne abin da muke son jawo hankalin hukumomi a kansa a yau.

A ƙasashen da suka ci gaba an daɗe da gane cewa bincike ba ya kai kansa kasuwa, sai an sa wani ya ɗauke shi ya kai. A Amurka, wata doka da aka kafa a 1980, wadda aka fi sani da Bayh-Dole, ta ba jami'o'i damar mallakar abin da malamansu suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su yi ƙoƙarin ganin an yi amfani da shi. Daga nan ne kusan kowace babbar jami'a ta buɗe ofishin miƙa fasaha ga masana'antu. Da yawa daga cikin ofisoshin nan suna ɗaukar ɗaliban manyan digiri da waɗanda suka gama digirin digirgir, su ba su ɗan tallafi na wasu watanni ko shekara, su koya musu yadda ake auna ƙirƙira: shin sabuwa ce, wa ke bukatarta, nawa za ta ci kafin ta zama kaya, wane kamfani zai iya ƙera ta, kuma ta yaya za a kare haƙƙin mai ita. A Ingila tun 1975 ake da shirin da ke tura matashin da ya gama jami'a ya zauna a cikin kamfani yana warware wata matsala, malaminsa na sa ido daga jami'a. A Faransa kuwa, tun 1981 akwai shirin CIFRE, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibin digiri na uku aiki na shekara uku, gwamnati ta taimaka da wani kaso na albashinsa.

Ba muna cewa a kwafo waɗannan tsare-tsare ido rufe ba ne. Jami'ar Amurka tana neman kamfanin magunguna ko na kwamfuta da zai sayi lasisi da miliyoyin daloli. Mu kuwa wanda zai yi amfani da bincikenmu shi ne magidancin da gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, da matar da ke matsar man gyaɗa a tsakar gida, da ɗan kasuwar da ke tara aya da riɗi a Cadawa, da maƙerin da ke gyara garmar shanu. Waɗannan ba za su karanta mujallar kimiyya da Faransanci ko Ingilishi ba, ba kuma za su taka zuwa ofishin shugaban jami'a su nemi lasisi ba. To amma ainihin hikimar shirin tana nan daram: a ware mutum mai ilimi, a biya shi, a ce aikinsa kawai shi ne ya ga abin da aka gano ya shiga hannun masu bukata kuma ya zauna. Abin farin ciki shi ne ba sai mun tafi nesa neman hujja ba, domin kuwa ƙasar Agiye ta riga ta gwada wani abu mai kama da haka, kuma an ga amfaninsa.

Masu shekaru ba su manta da yadda gonakin jihar Maraɗi suka zama fili fetal bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ba. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya ƙone duk wani toho. Iska ta riƙa kwashe ƙasa tana binne shuka, har sai an yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya, mata kuma suna tafiyar sa'o'i neman itacen girki. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya da ke zaune a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Wannan shi ne abin da manoma suka raɗa wa suna sassabin zamani. Masu binciken da suka auna da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da aduwa da sauransu, ba tare da an kafa gandun renon itace ba.

A gundumar Agiye, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a wannan fage har baƙi daga ƙasashe daban-daban suna zuwa ganin ido. Asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FIDA, ya fara da furojen raya karkarar Agiye a shekarun 1990, sannan furojen PPILDA ya fara aiki a 2005, shekarar da yunwa ta girgiza jihar Maraɗi. Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran shi ne an juya akalar tafiyar. Maimakon a zo wa manomi da darasi daga birni, sai aka fara da tambayarsa abin da shi da kansa ya gwada ya ga ya yi. Malamai da ɗalibai daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da masu bincike na cibiyar INRAN suka shiga ƙauyuka, suka zauna da jama'a, suka rubuta kundayensu a kan dabarun manoma, suka auna wanda ya yi da wanda bai yi ba. Mutanen ƙauye kuma suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa da mata da makiyaya, suka sa dokoki da tara a kan masu saran dare. Daga baya aka horar da ƙungiyoyin matasan manoma da ke ba 'yan'uwansu shawara, aka faɗaɗa aikin zuwa wasu gundumomi ta hanyar furojen PASADEM daga 2012, sannan ProDAF daga 2015.

Darasi na farko ke nan daga Agiye: ilimi ba hanya ɗaya yake bi ba. Ɗalibin da ya yi damina a Ɗan Saga ya koma Yamai da abin da babu shi a littafin da aka koya masa, kamar yadda manomin ya samu wanda zai auna masa, ya rubuta, ya kai maganarsa inda ake yanke shawara. Da ba a rubuta an auna ba, da wuya a kai ga dokar da gwamnatin Nijar ta fitar a 2020, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa, bayan shekaru masu yawa da manoma suka yi suna ganin kowane itace na gwamnati ne, suna tsoron ma'aikatan gandun daji.

Misali na biyu shi ne yaƙi da tsutsar zangarniya, wadda manoman Maraɗi ke kira murzuna. Tana shiga kan gero ne daidai lokacin da ya fitar da kai, ta bi shi tana ci a karkace, manomi na kallo aikin damina ya tafi a banza. Fesa magani a gonakin gero masu faɗi ya fi ƙarfin talaka, ga kuma illa ga mutum da dabba. Masu binciken ƙwari na INRAN a Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua wanda daga baya ya koma Jami'ar Maraɗi, tare da takwarorinsu na cibiyar ICRISAT da na Burkina Faso da Mali, sun ɗauki wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da ke nan ƙasarmu, wanda masana ke kira Habrobracon hebetor. Macen takan harbi tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Tun daga 2006, da tallafin gidauniyar McKnight, aka inganta hanyar kai shi ƙauye: ɗan ƙaramin buhun algarara, a zuba gero da tsutsotsin da aka rena da 'yan matan ƙwaron, a rataye a jikin itace ko rumbu. Buhuna 15 kan wadatar da gonakin da ke kewaye da ƙauye, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙarin amfanin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Yawancin ƙwarin ba sa tsallake rani, saboda haka sai an sake sakin su kowace damina, kuma a kan kari, domin in an makara da mako biyu aikin gama ya gama. Ɗakin bincike ɗaya da ke Maraɗi ba zai iya wadatar da dubban ƙauyuka ba, dole sai an samu masu rena ƙwaron a matsayin sana'a. Bugu da ƙari, ƙwaron bai san iyakar gona ba: wanda ya biya da wanda bai biya ba duk za su amfana, don haka kowa na iya naɗe hannu yana jiran maƙwabcinsa ya saya. Sai dai a sayi buhunan da sunan gari baki ɗaya, ta hannun ƙungiya ko majalisar ƙaramar hukuma ko mai gari. Waɗannan tambayoyi ba na ilimin ƙwari ba ne, na kasuwanci ne da tsarin zaman jama'a, kuma su ne ainihin aikin mai tallafin da muke magana a kai. Abin lura, binciken da aka buga a 2018 a kan ko wannan sana'a za ta iya riƙe kanta a Nijar ya samo asali ne daga aikin wani ɗalibin digiri na biyu na jami'ar Virginia Tech da ke Amurka. Muna yaba masa, amma muna tambaya: me zai hana a samu irinsa goma daga Maraɗi, masu jin Hausa, waɗanda iyayensu ke noman geron?

Misali na uku shi ne buhun ajiyar wake mai riɓi uku da aka fi sani da PICS. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a arewacin Kamaru ne suka gano dabarar tun ƙarshen shekarun 1980: leda biyu masu kauri a ciki, buhu na uku a waje, a ɗaure kowanne tam. Iska ta ƙare a ciki, ƙwari su daina ci da haihuwa, ba tare da an sa ko ɗigon guba ba. Duk da haka dabarar ta yi kusan shekara 20 ba ta yaɗu yadda ya kamata ba, sai a 2007 da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin da aka ware musamman don kai ta ga jama'a. Aka samu kamfanoni su ƙera buhun, ciki har da Lela Agro da ke Kano, aka nemo dillalai, aka yi shela a rediyo, aka shiga ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe 10 ana cika buhu a gaban jama'a, bayan wasu watanni a dawo a buɗe shi a bainar kowa. Gani ya kori ji. INRAN ta Maraɗi na cikin waɗanda suka yi gwaje-gwajen da suka tabbatar da ingancinsa. Binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa idan mai sayar da buhun ya yi wa manomi nisan da ya wuce kilomita 7 ko makamancin haka, sai amfani da shi ya ja baya. Wato ko dabara ta kai dabara, in babu ita a kasuwar ƙauye ranar da aka casa wake, manomi zai koma wa gubarsa. Kowa kuma ya san abin da gubar ta jawo: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, ba a ma zancen lafiyar iyalan da ke cin sa a gida.

Idan aka haɗa misalan nan uku za a ga abu ɗaya: tsakanin ganowa da amfani akwai aiki mai yawa, mai cin lokaci, wanda ba na farfesa ba ne, ba kuma na manomi ba ne. Malaman gona da ya kamata su riƙe wannan igiya sun yi ƙaranci ƙwarai, da yawansu ba su da ko man babur. Malamin jami'a kuwa ana yi masa ƙarin girma ne bisa yawan maƙalun da ya buga a mujallu, babu mai tambayarsa ƙauye nawa ne suka karɓi abin da ya gano. Shi kuma ɗalibi, ranar da ya kare kundinsa ranar ce tallafinsa ke yankewa, sai ya shiga neman koyarwar wucin gadi ko aikin ƙungiyoyin agaji ko hanyar fita waje, daidai lokacin da ya fi kowa sanin matsalar da ya yi shekara uku yana bibiya.

Akwai kuma wani rauni da ya kamata a faɗa ba tare da kara ba. Kusan duk nasarorin da muka lissafa da kuɗin waje aka yi su. Furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa. In ya rufe, motoci su tsaya, ma'aikata su watse, ƙwarewar da aka tara ta bi iska. A 2025 duniya ta ga yadda gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID cikin 'yan watanni, akasarin shirye-shiryen binciken noma da jami'o'in Amurka ke yi da ƙasashenmu a ƙarƙashinta suka tsaya cak. Mahukuntan Nijar tun bayan sauyin gwamnati na 26 ga Yulin 2023 suna yawan maganar 'yancin kai da ciyar da kai. To, 'yancin kai a fagen abinci yana farawa ne daga ranar da ƙasa ta ɗauki nauyin masu bincikenta da aljihunta. Tarihin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya isa izina: tun daga ƙarshen shekarun 1960 ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki a Yamai tun duniya ba ta waye da wannan fasaha ba. Yau ga shi faifan sola da ke kan rufin gidajenmu daga ƙetare ake shigo da su.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta noma, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da INRAN, su haɗa kai su kafa tallafi na musamman na kai bincike ga jama'a, a fara gwajinsa a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, inda aka riga aka share fage. A ganinmu, tsarin ya kamata ya tsaya a kan waɗannan ginshiƙai.

Na farko, wa'adin kada ya gaza damina biyu. Damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan iri ko dabara ba, domin ruwan bana ba shi ne na baɗi ba. Mai tallafin ya zauna a inda aikin yake, ba ya riƙa leƙowa daga Maraɗi ranar kasuwa ba.

Na biyu, kowane mai tallafi ya kasance yana da uwar ɗaki biyu: malami a jami'a da mai masauki a fili. Mai masaukin na iya zama ƙungiyar manoma irin su FUMA Gaskiya, wadda ta daɗe tana gwaje-gwaje tare da masu bincike a gonakin membobinta, ko zauren manoma na jiha, ko kamfanin iri, ko ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, ko ƙaramar hukuma. Mai masaukin ne zai faɗi matsalar da yake son a warware, kuma ya sa hannu a rahoton ƙarshe.

Na uku, a auna nasara da abin da ido ke gani: gidaje nawa suka ci gaba da amfani da dabarar bayan shekara, shaguna nawa ke sayar da kayan, matasa nawa suka samu sana'a, nawa aka rage na asara. A kuma wajabta wa kowane mai tallafi ya fassara sakamakon aikinsa zuwa Hausa mai sauƙi, a boko da ajami, ya kai shi gidajen rediyon karkara da saƙonnin murya na WhatsApp. Wanda ba zai iya bayyana bincikensa a gaban dattawan ƙauye su gane ba, da sauran aiki a gabansa.

Na huɗu, a ware wa mata kaso mai tsoka. Ajiyar wake, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin yara, kiwon awaki da kaji, duk a hannun mata suke, kuma a gidaje da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure. Ko irin geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka fitar a Nijar a 2018, matan da ke daka da dama fura su ne za su ce ya karɓu ko bai karɓu ba.

Na biyar, a koya wa masu tallafin dokokin mallakar fasaha, kuma a rubuta tun farko wa ke da me. Nijar memba ce a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, amma kaɗan ne daga cikin masu bincikenmu suka san ƙofar shigarta. Ba mu manta da yadda wani kamfanin iri na Senegal ya nemi yin rajistar sunan albasar Galmi ba, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin a janye, daga bisani aka yi wa albasar da kilishin Nijar rajistar asali. Idan dabara daga manomi ta fito, kamar yadda aka gani a Ɗan Saga, to sunansa da rabonsa su fito a takarda. Kada jami'a ta zama sabon ɗan kamasho da ke karɓa a ƙauye kyauta ya sayar a birni.

Mun san za a ce babu kuɗi. Amma albashin matasa 30 ko 40 na shekara biyu, da babura da kayan gwaji, bai kai kuɗin 'yan kilomitocin kwalta ba. Tun 2024 Nijar ke fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya tashi daga Agadem, kuma shugabannin Afirka sun daɗe da yin alƙawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ga bincike, kamar yadda suka yi alƙawarin kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma a Maputo a 2003. Akwai asusun FISAN da aka kafa a 2017 don zuba jari a harkar abinci. Akwai kuma Alhazan Maraɗi, waɗanda arzikin da yawa daga cikinsu ya taso daga gyaɗa da wake da aya na waɗannan ƙauyuka. Attajiri ɗaya zai iya ɗaukar nauyin matasa biyar da sunan mahaifinsa, ya samu lada, ya kuma samu kaya masu inganci a rumbunsa.

Haɗarin da muka fi jin tsoro shi ne a mayar da shirin wata kafar raba alawus ga 'ya'yan manya da 'yan koren siyasa. Maganin wannan shi ne a tallata gurabe a fili, a sa wakilan manoma cikin masu zaɓe, a buga sunayen waɗanda suka samu da aikin da aka ba kowa, a kuma riƙa biya a kan lokaci, domin kowa ya san yadda jinkirin biyan tallafin karatu ya sha jefa ɗalibai cikin yajin aiki. Wanda aka ba ya koma birni ya kwanta, a yanke masa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka nan kada a tura 'ya'yan mutane bakin iyaka a manta da su. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, ita ma kanta ba ta tsira ba. Wannan ya ƙara matsi a kan gonaki da itatuwa, ya sa bukatar aikin ta ƙaru, amma tilas a yi shi da shawarar hukumomin tsaro da sarakunan gargajiya.

Wannan kira bai tsaya a Nijar ba. A Nijeriya hukumar NOTAP ta fara kafa ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i tun 2006, ga asusun TETFund da ke kashe maƙudan kuɗi a kan tura malamai karatu, ga cibiyar binciken noma ta Samaru da ta yaɗa dabarun noma ta NAERLS a Zariya, ga cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Ofisoshi akwai su, abin da ya yi ƙaranci shi ne matasan da aka biya su taka ƙasa. Geron Agiye da na Daura iri ɗaya ne, tsutsar da ke cin su ɗaya ce, harshen manoman ɗaya ne. Duk saɓanin da ke tsakanin gwamnatoci, bai kamata ya hana ɗalibin Katsina zuwa Ɗan Saga koyon sassabin zamani ba, ko ɗalibar Maraɗi zuwa Kano ta ga yadda ake ƙera buhu a kai shi kasuwa.

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutane fiye da miliyan 3, kuma tun daga lokacin sai ƙaruwa ake yi, gonaki na ƙara tsukewa, gado na rarraba su gida-gida. Babu sauran daji da za a sara a faɗaɗa noma. Abin da ya rage shi ne a samu ƙari daga ƙasar da ake da ita, a kuma rage asarar abin da aka girbe, wannan kuwa aikin ilimi ne. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ilimin yana nan a kan kantocin jami'o'inmu, matasan da za su ɗauke shi suna nan suna yawo da takardu a hannu, manoman da za su karɓa sun riga sun nuna a shirye suke. Muna fata kafin wata damina ta kama, za mu ji an sanar da rukunin farko na matasan da za su tare a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji da aikatawa, Ya kuma ba mu damina mai albarka, amin.